Bindigar aljihu ba za ta tsare Kafanchan ba



A makon da ya wuce wani ɗanmu da ke karatu a ƙasar waje ya turo bidiyo cikin zauren WhatsApp na matasanmu. Wani Ba'amurke ne ya ajiye ƙananan bindigogi biyu a kan tebur, irin wadda iyayenmu ke kira libarba, yana auna su yana bayanin wadda ta fi dacewa mutum ya ɓoye a jikinsa. Ɗaya ƙirar Smith & Wesson ce samfurin 642, ɗayar kuma Ruger LCR. Muhawara ta ɓarke har wajen ƙarfe ɗayan dare. Wannan ya ce ta farko ta fi ƙwari, wancan ya ce ta biyu ta fi sauƙin harbi. Da abin ya tsaya a nan da mun ɗauke shi kamar gardamar Arsenal da Chelsea mu yi dariya mu kwanta. Amma can cikin dare wani yaro, wanda mun san shi mun san iyayensa, ya rubuta: "To, ina ake samun irinta a nan?" Ba wanda ya yi dariya. Mutum uku suka ce ya same su ta bayan fage.

Wannan tambayar ce ta sa muka ga ya kamata mu yi magana a fili a wannan shafin. Matsayinmu shi ne: ga ɗan Kafanchan, ko Kagoro, ko Zonkwa, ko Kwoi, babu ta zaɓe a cikin bindigogin nan biyu, kuma duk wanda ya soke ƙaramar bindiga a ƙugu ya shiga gari ya ƙara wa kansa da mu haɗari. Ga dalilanmu.

Abin da bidiyon ya nuna

Bari mu fara yi wa bidiyon adalci, domin mai shi bai yi ƙarya ba. Bindigogin biyu duk ƙanana ne, marasa nauyi. Ta Smith & Wesson ta ɗan haura giram 400, ta Ruger ta ɗan gaza haka, wato kowacce ba ta kai nauyin ledar fiya wata ɗaya ba. An ƙera gangar jikin ta farko da alminiyam, ta biyu kuma, wadda ta fito kasuwa a 2009, an haɗa mata da roba mai ƙarfi don rage nauyi. Bututun kowacce bai kai inci biyu ba. Kowacce tana cin harsashi biyar, samfurin .38. Ƙarfen da ke bugun harsashi an rufe shi a ciki don kada ya saƙale a aljihu lokacin zarowa. Masu amfani da su sukan ce kunamar Ruger ta fi laushin ja, ta Smith & Wesson kuma ta daɗe a hannun jama'a, domin kamfanin ya fara yin ƙananan libarba irin wannan tun 1950.

Akwai abin da masu gardamar suka tsallake, alhali su kansu masana bindiga a Amurka ba sa ɓoye shi. Irin wannan bindiga tana cikin mafi wuyar sarrafawa. Gajartar bututu tana sa saiti ya yi wuya. Rashin nauyi yana sa ta yi tsalle a hannu da zarar an harba. Kunamarta tana da tauri, da gangan aka yi ta haka don kada ta tashi da kanta, kuma wannan taurin yana karkatar da hannun wanda bai ƙware ba. An yi ta ne don abin da ke gabanka taku kaɗan. Ba'amurken da ke bidiyon yana da filin koyon harbi kusa da gidansa, yana da shagon da zai sayi harsashi da rasit, yana da doka a bayansa, domin gyara na biyu na tsarin mulkin Amurka tun 1791 ya ba shi 'yancin riƙe makami, kuma a 2022 Kotun Ƙolin ƙasarsu ta ce 'yancin ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga waje. Ɗanmu da ke Takau ko Garaje ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ba mu raina tsoron kowa ba

Yaron da ya yi tambayar ba ɗan daba ba ne. Yaro ne da ya tashi yana jin ƙarar harbi. Wanda aka haifa a shekarar 2000 yana ɗan shekara 11 ya ga kasuwar Kafanchan tana ci da wuta bayan zaɓen 2011. Yana matashi ya ji abin da ya faru a Godogodo a Oktoban 2016, da Goska a jajibirin Kirsimeti na wannan shekarar. Ya ga gawawwakin Kagoro a Maris 2022, da Malagum a Disambar 2022, da Ungwan Wakili da Runji a 2023, da ɗalibin limanci da aka ƙona a gidan fada a Fadan Kamantan a Satumbar 2023. Idan kuma ɗan wata unguwar ne, to yana da nasa jerin: rugage da aka ƙona, shanu da aka karkashe, matafiya da aka tare a hanya aka ɓatar da su saboda kamanninsu ko sunansu, 'yan'uwa da suka bar Matsirga da Zonkwa a 2011 har yau ba su koma ba. A ƙasar nan babu gidan da zai ce bai taɓa zaman makoki ba.

Ga kuma garkuwa da mutane, wadda ba ta tambayar addini ko yare. Manomin citta ya sayar da amfanin gonarsa, kafin kuɗin su kwana an zo an ɗauke shi ko matarsa. Wanda ya taɓa tara kuɗin fansa gida-gida ba sai an yi masa bayanin abin da ke sa mutum tunanin bindiga ba. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 14 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati, kuma duk mun san sau nawa aka kira waya da dare ba a zo ba sai da gari ya waye.

Don haka tsoron gaskiya ne. Abin da muke tambaya shi ne ko libarba a aljihu maganinsa ce.

Abin da doka ta ce

Da yawa daga cikin matasanmu sun ɗauka cewa matsalar ta kuɗi ce da sanin wani babba, wai in kana da hanya za ka samu lasisin ƙaramar bindiga kamar yadda ake samun na tuƙi. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko shi ne haramtattun makamai. A nan ne aka jera bama-bamai, da gurneti, da bindigogi masu sarrafa kansu, da bindigogin soja. A cikin wannan jerin ne kuma aka sa libarba da fistol kowace iri. Ba mai ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa. Ku lura da kyau: a idon doka, 'yar bindigar da ba ta kai nauyin ledar ruwa ba tana aji ɗaya da AK-47.

Kashi na biyu shi ne bindigogin amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku shi ne bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin bindigar toka ta mafarautanmu, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Kuma a Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya bayyana cewa rundunar ta dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai, saboda yawan da suka yi a hannun jama'a.

Hukuncin wanda aka kama da makami na kashin farko ba tare da izini ba shi ne ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Dokar fashi da makami ta 1984 ita ma ta tanadi hukunci a kan riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Yanzu ku lissafa shingen bincike nawa ne tsakanin Kafanchan da Kagoro, ko kan hanyar Kwoi zuwa Keffi, ko hanyar Gidan Waya zuwa Jos. Ba sai ka harbi kowa ba. Soja ya ce ka ɗaga riga, shi ke nan, rayuwa ta sauya. Yaro ɗan shekara 24 zai fito yana ɗan 34, sa'o'insa sun gama karatu sun yi aure, shi kuma yana ɗauke da tambarin da ba ya gogewa. Uwa ta rasa ɗanta ke nan ba tare da ɗan bindiga ko ɗaya ya taka gidanta ba.

Ainihin biyun da ke kan teburinmu

Tunda babu shagon da zai sayar maka da Ruger ko Smith & Wesson a Najeriya a matsayinka na farar hula, to waɗanne biyu ne mutum ukun nan za su nuna wa yaronmu ta bayan fage? Ɗaya ƙirar gida ce, ɗayar ta fasa-ƙwauri.

Ƙirar gida ba labarin nesa ba ne. A Satumbar 2023 dakarun Operation Safe Haven sun sanar da gano wata masana'antar ƙera bindigogi a nan cikin Kafanchan, suka kwashe bindigogi iri-iri, manya da ƙanana. Irin waɗannan ana yin su ne da ƙarfen da aka samu, ba wanda ya gwada ƙarfinsa, ba wanda ya auna ko zai jure matsin harsashi. Libarbar kamfani tana da wata 'yar kariya a ciki da ke hana ta tashi in ta faɗi ƙasa. Ta maƙeri ba ta da wannan tabbacin. Tana iya fashewa a hannun mai ita, tana iya tashi a cikin wando lokacin da ya hau acaɓa, tana iya ƙin tashi a ranar da ya dogara da ita.

Ta fasa-ƙwauri kuwa tana da tarihi, kuma ba a faɗa wa mai saye. Ba ka san hannu nawa ta bi ba, ba ka san ran wa aka ɗauka da ita ba. Ranar da aka kama ka da ita, tarihin nan naka ne, kai za ka yi bayaninsa a gaban alƙali. Sannan kuɗin da ka biya ina suka tafi? Dillalin makami ba shi da ƙabila ba shi da addini. Wanda ya sayar maka da ƙarama yau shi ne zai sayar wa masu garkuwa da babba gobe, kuma ya riga ya san gidanka, ya san kana da kuɗi. Cibiyar bincike ta Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun fararen hula a Najeriya. Da yawan bindiga na kawo kwanciyar hankali, da tuni muna barci ƙofa a buɗe.

Harsashi biyar a gaban talatin

A ce ma doka ta yarda, a ce ta kamfani ce sabuwa fil. Mu dubi yadda ake kawo mana hari. Masu zuwa ƙauyukanmu ba sa zuwa ɗaya-ɗaya su tsaya a gabanka. Suna zuwa da dare ko da asuba, da yawansu, sun kewaye gari kafin kare ya yi haushi. AK-47 tana ɗaukar harsashi 30 a gida ɗaya, tana samun mutum daga nisan mita 300, kuma sauya gidan harsashinta na daƙiƙa kaɗan ne. Libarbar aljihu harsashi biyar gare ta, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin zaure ma ba kowa zai samu abin da ya saita ba, balle cikin duhu hannu na rawa. In biyar ɗin suka ƙare sai ka buɗe ta ka zubar da kwanson ka sa wasu ɗaya bayan ɗaya. Walƙiyar harbinka ta farko ita za ta nuna musu ɗakin da kake, tare da matarka da 'ya'yanka.

Haka abin yake a kan hanya. Masu tare mota suna fara buɗe wuta ne daga cikin daji kafin direba ya taka birki. In suka fito da fasinjoji suka laluba suka sami bindiga a jikin mutum ɗaya, to sun ɗauke shi jami'in tsaro ne ko ɗan banga, kuma mun san abin da suke yi wa irin waɗannan. Sauran fasinjojin ma ya jawo musu.

Saboda haka bindigar nan ba ta da amfani a wurin da muke tsoro. Sai mu tambaya, a ina take aiki?

Inda bindigar aljihu ke tashi

Tana tashi a wurin da mutum biyu ke tsaye gab da juna rai a ɓace. A tashar mota kan canjin naira ɗari biyu. A layin 'yan acaɓa kan fasinja. A gidan giya ko wurin burkutu bayan ƙarfe goma. A gidan kallon ƙwallo. A kan budurwa. A kan iyakar gona tsakanin 'ya'yan wa da ƙani. A taron siyasa. Faɗan da a da zai ƙare da mari da yagaggiyar riga, dattawa su raba, gobe a je gaban mai unguwa a sasanta, yanzu zai ƙare da gawa.

A wani gari gawa ɗaya magana ce ta 'yan sanda da iyalai biyu. A Kafanchan tambayar farko da za a yi ita ce sunan wanda ya mutu da sunan wanda ya harba, kuma kafin a kai gawar asibiti labari ya zagaya WhatsApp da hoton da ba nata ba. Tarihinmu ya koya mana daga ina wuta ke tashi. Rikicin Maris 1987 ya fara ne da saɓani tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Na Zangon Kataf a Fabrairun 1992 ya faro ne kan sauya wa kasuwa matsuguni, kafin na Mayu da ya fi shi muni. A 1999 an yi wani a nan kan bikin ba sabon Sarkin Jama'a sanda. A 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 800 cikin kwana uku a Arewa, mafi yawansu a jihar Kaduna. Garin da ke da irin wannan tarihin bai kamata ya cika aljihun samarinsa da ashana ba.

Ɓoyewar ma kanta matsala ce. Mafarauci da bindigarsa a kafaɗa kowa ya gan shi, kowa ya san shi, mai unguwa ya san gidansa. Amma ranar da aka fara zargin kowane saurayi yana da wani abu a ƙugu, wanda ya sa hannu a aljihu don ciro waya ma ya shiga haɗari. Mai shago zai fara tsoron abokin cinikinsa na shekara ashirin. Jami'in da ke kan shinge zai riƙa harbi kafin ya yi tambaya. Kasuwar da muka sha wuya kafin mu sake haɗuwa a cikinta za ta koma rabe.

Sannan bindiga tana kwana a gida. A gidajenmu na haya da ɗaki ɗaya ko biyu, ina za ka ɓoye ta da yaro ɗan shekara bakwai ba zai gano ba? Ga rikicin miji da mata. Ga matashin da bashi ko rashin aiki ko shaye-shaye ya kai bango. Amurkar da muke kwaikwayo, hukumar lafiyarta ta CDC ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. A can ma, binciken da Farfesa John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya nuna cewa jihohin da suka sassauta dokar yawo da ɓoyayyiyar bindiga sun sami ƙarin manyan laifuka da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara goma. Akwai masu jayayya da shi a can, amma mai bidiyon bai ko ambace shi ba.

"To mu zauna a yanka mu?"

Mun san wannan ce amsar da za ta fara zuwa a ƙarƙashin rubutun nan, kuma tambaya ce mai nauyi. Manya ma sun faɗi irinta. Janar T. Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a Maris 2018 cewa jama'a su tashi su kare kansu. Aminu Masari ya faɗi makamancin haka yana gwamnan Katsina a 2021. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce 'yan Zamfara su nemi lasisin bindiga, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. Samuel Ortom ya nemi a ba dakarun sa-kai na Binuwai izinin riƙe AK-47 bai samu ba. Abin lura shi ne duk waɗannan manyan suna yawo da jami'an tsaro, kuma ranar da aka kama ɗan talaka da bindiga ba ɗayansu da zai je kotu ya tsaya masa.

Gaskiya ne sashe na 33 na tsarin mulki da dokar Penal Code sun amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa. Amma 'yancin kare kai daban, izinin riƙe haramtaccen makami daban. Kuma ko kare kan ma, kotu tana auna shi da ma'auni mai tsauri. Sunday Jackson, manomi a jihar Adamawa, ya ce kare kansa ya yi a faɗan da aka yi a gonarsa, kuma da wuƙa ne ba bindiga ba. An yanke masa hukuncin kisa, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Maris 2025, sai daga baya gwamnan jihar ya yi masa afuwa bayan ya shafe kimanin shekara goma a tsare. Kowa na da ra'ayinsa kan wannan shari'ar. Darasin dai shi ne kalmar "kare kaina na yi" ba ta buɗe ƙofar kurkuku da sauƙi.

Mu kuma dubi Zamfara. 'Yan sa-kai sun taso ne da niyyar kare ƙauyuka daga ɓarayin shanu. Da babu mai sa musu ido, sai aka koma kashe mutane a kasuwa kan zargi, ɗaya ɓangaren ya sayi manyan makamai don ramuwa, abin ya zama yaƙin da har yau ba a ga ƙarshensa ba. An gudu ba a tsira ba. Ba ma fatan Kudancin Kaduna ta bi wannan hanyar.

Ba mu ce a naɗe hannu ba. Mun ce tsaron gari aikin gayya ne, a fili ake yin sa, da rajista, da shugaba, da wanda za a tuhuma in an yi ba daidai ba.

Abin da muke nema

Ga matasanmu: mai jin ƙarfi da kishin gari ya shiga inda doka ta san da shi. Jihar Kaduna tana da hukumar 'yan sintiri ta KADVS, wadda gwamnatin Uba Sani ta ɗaukar wa mutum 7,000 a 2023. Akwai aikin ɗan sanda, da soja, da Sibil Difens, kuma sau da yawa gurbin ƙananan hukumominmu ba mu cika bibiyarsa ba. Mu riƙa sanar da juna a wannan shafin duk lokacin da aka buɗe ɗaukar ma'aikata, mu taimaka wa yara da cike takardu.

Ga masu unguwanni da dagatai da hakimai: kowace unguwa ta san 'yan sintirinta da sunayensu, a kai jerin ofishin 'yan sanda. Mafarautan da ke da bindigar toka a taimaka musu su daidaita takardunsu. A sami lambobin DPO da na kwamandan sojan yankin a hannun mutum fiye da ɗaya a kowane ƙauye, a kuma sami hanyar tayar da gari da ƙauyukan maƙwabta cikin minti kaɗan, ko ƙararrawa ce, ko usur, ko ƙaho. Sanarwar minti goma kafin hari tana ceton rayukan da harsashi biyar ba zai ceta ba. Fitilar sola a mashigar gari da sare ciyawar da ta rufe hanya ba su da ban sha'awa kamar bindiga a bidiyo, amma ba wanda aka taɓa ɗaurewa a kansu.

Ga shugabannin addini da na ƙungiyoyi: a Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kaura, Sanga, Kachia da Zangon Kataf sun sa hannu kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan. An sake zubar da jini bayanta, mun sani. Duk da haka lambobin wayar da aka yi musaya a irin wannan zaman sun sha kashe jita-jita kafin ta zama gawa. A raya waɗannan hanyoyin. Ardo ya iya kiran dagaci da tsakar dare, fasto ya iya kiran liman.

Ga gwamnati: duk abin da muka faɗa wa yaranmu a sama zai zama iska in kun bar su su kaɗai. Ba za ku hana mutum makami ku kuma hana shi kariya ba. Muna son a ga an kama maharan an gurfanar da su an yanke musu hukunci, da sunayensu, domin rashin hukunci ne babban mai tallan bindiga a yankin nan. Muna son a gyara hanyoyin ƙauyuka da jami'ai ke cewa motarsu ba ta iya shiga. Muna son a kammala maganar 'yan sandan jihohi da aka daɗe ana yi, tare da sharuɗɗan da za su hana gwamnoni mayar da su 'yan bangar siyasa, kuma wakilanmu a majalisa su gaya mana matsayinsu a kai. Cibiyar da aka kafa a 2021 don yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai ta buɗe wa mutane hanyar miƙa abin da ke hannunsu ba tare da fargaba ba.

Ga iyaye, musamman mata: ku ne kuke share ɗaki kuke wanke kaya. In kun ga abin da ba ku gane ba, kada ku rufe don kunya. Ku sami kawunsa ko wani dattijo da yake jin maganarsa tun kafin soja ya riga ku gani.

Shi kuwa yaron da ya yi tambayar, biyu daga cikin dattawanmu sun je har gida sun same shi. Bai yi musu ba. Ya ce shi dai ya gaji da kwana da takalmi a ƙafa. Ba su da amsar da za ta cire masa wannan gajiyar gaba ɗaya, mu ma ba mu da ita. Sun dai roƙe shi kada ya je wurin mutum ukun nan, ya kuma yi alkawari. Su ma ukun za a zauna da su.

Muna maraba da ra'ayin kowa a ƙasa, har da wanda bai yarda da mu ba, amma cikin mutunci, ba zagin ƙabila ko addinin wani. Duk wanda ya rubuta inda ake sayar da makami ko farashinsa, za a goge, a kuma cire shi daga shafin.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa ta kowane ɓangare, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun masu garkuwa, ya ba mu daminar da za mu yi noma mu girbe lafiya. Amin.